Bakano Ya Canza Mini "Hita" Zuwa "Fita"

Malama Sadiyatu,

Ki taimake ni kafin in yi abin da zai kai ni gaban alƙali. Ina aiki a wata cibiyar kwamfuta kusa da Kwalkwalawa. Wata bakwai na yi ina rubuta wata 'yar manhaja: idan mutum ya latsa adireshi a shafinmu na intanet, sai ta ɗauki kalmar ƙarshe ta kira aikin da ke da wannan suna. Adireshin "shiga" ya kira aikin "shiga", na "hita" ya kira "hita". Da harshen garinmu, Sakkwatanci, na sa musu suna, laifi ne?

Sai aka haɗa ni da wani Garzali, Bakano, mai shegen iyayi. Bai tambaye ni ba ya mayar da sunan aikin "fita", wai gyaran rubutu, ya bar adireshin yadda yake. Ranar da wakilin gwamna ya zo duba aikinmu, ya latsa maɓallin barin shafi, kwamfuta ta ce babu wannan aiki. Sau uku! Garzali ya sulale ya fita, ni na sha kunyar. Yanzu shugabanmu Malam Sodangi ya ce ranar Litinin zai bar aikin hannun mutum ɗaya a cikinmu. Wallahi na tsani yaron nan. Na rubuta takardar ƙara shafi huɗu, in miƙa?

Basakkwaciya, Ƙofar Rini

Ƙanwata,

Garzali ya yi rashin ladabi, kuma guduwar da ya yi ta fi canza sunan muni. Ki faɗa masa haka ido da ido. Amma manhajar da harafi ɗaya ke kayar da ita, wa ya gina ta? Ke kika ɗaure adireshi da sunan aiki, har ba a iya taɓa ɗaya sai ɗayan ya karye.

Ki sa jadawali tsakaninsu, kowane adireshi a rubuta aikin da zai kira. "Hita" da "fita" duk su kai ga aiki guda, adireshin da babu shi a jadawali kuma a ba shi amsa ta mutunci. Wannan za ki kai wa Malam Sodangi ranar Litinin, takardar ƙara ki bar ta a gida.

Sannan ki sake karanta wasiƙarki. Da kika zo ba ni labarin guduwar Garzali, "ya fita" kika rubuta da hannunki. Allah Ya huci zuciyarki, Ya bar miki aikinki.

Sadiyatu