Ƙyauren Ɗakinmu Ya Koma Bayan Gida

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, farin watana mai fensir a bayan kunne, baban 'ya'yana, gwanin kafintocin duniya wanda ɗakin aikinsa ba shi da ƙyaure,

Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa take yi wa ruwan farko. Na rubuto ne don bakina ya gaji. In na yi magana zarto na kuka, ba ka ji na. In zarto ya yi shiru, sai ka ce ka gaji. To ga takarda nan, na kafa ta da ƙusarka a inda dole idonka ya sauka.

Ka tuna ranar da ka ce za ka gina ɗan ɗaki a bayan gida, mu samu wurin ajiye tarkace, kai kuma ka samu wurin aiki? Wayyo daɗi! Ni na riƙa miƙo maka katako, da cikin Auta a gabana. Ka kafa ginshiƙai, ka rufa kwano, ka fitar da taga, maƙwabta suka zo kallo kana ta shafa gemu. Da aka zo kan ƙyaure sai ka ce na kasuwa ba zai shiga ɗakinka ba, kai za ka sassaƙa naka, da furanni da tsuntsu. Ka rataya tsohon buhu a ƙofar, wai kafin nan. Ya tauraron asubahina, yau Auta yana tafiya da ƙafarsa! Buhu ya yage, tsuntsunka na jikin katako har yanzu fiffike ɗaya gare shi.

Ba wai hannunka ya manta aiki ba ne. Ka yi wa tela ƙyauren shago. Ka yi wa maƙwabciyarmu na akurki, har da sakata. Kajinta suna kwana cikin tsaro, ɗanka kuwa ga zarto, ga gwangwanin ƙusoshi, ga kananzir, ga maganin ɓera da na ce ka ɗora sama ka tura shi ƙarƙashin tebur. Wannan ce hikimar da na bar gidan ubana dominta?

Jiya da la'asar ina shanya na waiga ban ga yaron nan ba. Na duba ɗaki, na duba madafa, na leƙa randa. Can na hango buhunka yana motsi. Na same shi zaune cikin garin katako, kumatu a cike, yana yi mini dariya. Na zura yatsa a bakinsa na zaro ƙusa. Ƙusa, masoyina! Na kawo maka ita a tafin hannu, jiƙe da yawunsa, kai kuwa ka juya ta, ka yi murmushin nan naka mai kashe mini jiki, ka ce ai yaro zai gaji ubansa. Sannan ka mayar da ita gwangwani don kada ta ɓata. Ina taya ƙusa murna, ta samu mai kula da ita.

Abin haushin, na san ba mugu ba ne kai. Wa ya zaunar da ni, ina babbar mace da goyo, ya koya mini baƙi a kan guntayen katako? Kai ne. Ka zaro fensirin nan daga bayan kunne, ka riƙe hannuna, kana ƙamshin sabon katako kamar daji bayan ruwa, na karkace harafi ka goge, na sake karkacewa ka sake gogewa, ba ka taɓa yi mini tsaki ba. Ranar da na rubuta sunanka ni kaɗai, ka ɗauki guntun katakon ka rataye shi a bango. Zuciyata ta narke a ranar, har yau ba ta daskare ba. Ashe hannun da ya yi wannan haƙurin zai kasa ɗaura hinji biyu masu riƙe ƙyaure saboda ɗansa?

To ka dubi abin da wannan takarda take jikinsa. Ka gane shi? Ƙyauren ɗakin kwananmu ne. Da safe, bayan ka fita sayen katako, na goya Auta, na ɗauki sukundirebarka, na kwance shi, na ja shi ta tsakar gida na ɗaura a nan. Na san ya karkace. Na san yana gogar ƙasa, kuma ya bar fili ta sama. Tsuntsunka zai iya shiga ta nan in ya samu ɗaya fiffiken, amma Auta ba zai iya ba. Na sa kwaɗo, makullin yana wuyana. In kana son aiki ka zo ka karɓa, ko banza ka dubi fuskata.

Buhunka kuwa ban yar ba, na rataye shi a ƙofar ɗakinmu, kafin nan. Ka san ɗakin Inna mahaifiyarka yana kallon namu. Tuni ta jawo kujerarta bakin ƙofa, ta ce yau iska ta fi ratsa gidan. Ka kuma san barcinta ba nauyi. Saboda haka duk wata magana mai daɗi da ka tanadar mini, da duk abin da yake biyo bayanta, sai ka ajiye su tare da tsuntsunka.

Ba furanni nake roƙo ba, rabin raina. Katako miƙaƙƙe, hinji biyu, sakata a sama inda gajeren hannu ba ya kaiwa. Ranar da ka ɗaura shi, ni da kaina zan riƙe maka namu ka mayar da shi wurinsa, kuma ni zan rufe shi ta ciki.

Taka ce ni, da ƙyaure ko babu, har ranar da numfashi zai ƙare,

Uwar Auta, mai makulli a wuya.