Geron Nan Kasuwarmu Za Shi

Muntaka,

Na leƙa ɗakinka kana ta minshari, ni kuwa ba zan jira ba, yau kasuwa take ci.

Jiya na ji ku a zaure da dillalin nan na birni, wai zai turo mota ta kwashe geronmu kaf. Wallahi ka ba ni haushi! Kasuwar da ta wuce, da idona na ga Kaltume ta bayan gidanmu, ga miji a kwance ba lafiya, tana zagaya rumfuna da kwano, ko tiya ɗaya ba ta samu ba. Masu mota sun bi gida-gida sun kwashe. Tunda hatsi ya daina fitowa, masu daddawa ma sun fara naɗe tabarmi. In kasuwar nan ta mutu, a tsadar nan, goya ni za ka yi zuwa Bici sayen gishiri?

Basiru maƙwabcinmu ya ɗora mini buhu biyu a amalanke. Zan auna wa mutane, har da gyara.

In mutumin naka ya zo, ka ba shi ruwa ka sallame shi. Kada ka wahala neman makullin sito, yana ɗaure a bakin zanena.

Kununka yana madafi. Ka biyo ni da tiya, na manta ta.

Kakarka,
Hure