Ganyen Gora a Bango

Semarang, 1967

Ƙanwata Giok Nio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya a Singafo. Na aiko wannan ta hannun kukun jirgin ruwa, don ban yarda da gidan waya ba.

An hana rubutun Sinanci a fili. Allon ƙofar gidan abincina da hannuna na sauke, ko a jikina. Bangon ciki ne ya tsaya mini a rai. Kin san kogin garinmu da na zana shekarar da na sauka ƙasar nan, da baitocin da matata Lian ta rubuta a gefensa kafin ta rasu. Rubutun hannunta ke nan da ya rage mini. Ranar Litinin ta ƙarshen wata mai zuwa za a zo dubawa. Inda aka ga rubutu a rufe wurin, a tafi da mai shi.

Yayanki, Kiem Hok

*

Yaya,

Muna lafiya. Ka shafe shi da farar ƙasa yau ɗin nan! Taurin kan nan naka tun muna yara nake fama da shi. Lian ta tafi, kai ne ka rage mini. Bango za ka bari ya kai ka kurkuku? Tsoro ya hana ni cin abinci.

Giok Nio

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Faɗanki ya iso, ban shafe ba. Burushi na ɗauka, na mayar da kowane layi na rubutunta ganyen gora. Rubutun yana nan a ƙarƙashin ganyen, ni kaɗai nake ganinsa. Sunanta kawai hannuna ya kasa taɓawa, sai na jingina masa tulun shayi.

Akwai wani jami'i, Pak Harjo, kullum nan yake cin taliya. Jiya ya ajiye cokali ya ce, "Tsoho, gorar nan taka da saurin girma take." Na san ya gane. Shi ne zai duba mu.

Kiem Hok

*

Giok Nio,

Gaisuwa. Pak Harjo ya zo ranar Lahadi, shi kaɗai, cikin kayan gida. Ya ɗaga tulun, ya karanta sunanta a hankali, daidai yadda ake faɗa a garinmu. Ya ce, "Haka uwata take rubutu. Ka manta ganye ɗaya, Baba. Gobe ba ni kaɗai zan zo ba."

Na zana ganyen. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ganyen nan shi ne ya fi duk sauran kyau.

Ki gaida yara.

Yayanki