Mun Kasa Yi wa Comfort Gaisuwar Mahaifinta

Hajiya Suwaiba, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Ni 'yar Kucheri ce, ina aji biyu a jami'a nan Gusau. Mu shida ne a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, da farko kowa da rishonta, ko gishiri ba mai tambayar wata. Comfort ce ta haɗa mu. Ita ta ce duk Asabar mu ɗora tukunya ɗaya: ni in kawo gero da daddawa, Husna 'yar Rawayya ta kawo kuka, ita manja. Da azumi ma, ita da ba ta yi, ita ke dama mana kunu kafin mu dawo daga lacca. Har 'yan ɗakin kusa suka fara shigowa da kwanoninsu.

Wata biyu ke nan da mahaifin Comfort ya rasu. Da ta dawo daga gida, wallahi kasa buɗe baki na yi. Ban san yadda ake yi wa Kirista gaisuwar mutuwa ba, ina tsoron in faɗi abin da bai dace ba. Na ce bari in tambaya tukuna. Ashe sauran ni suke jira, don ni ce babba. Kwana uku, kwana bakwai, har kunya ta rufe mu. Sai dai mu ɗebo mata ruwa mu ajiye.

Yanzu ta koma girki ita kaɗai. Jiya na ga takardar neman canjin ɗaki a kan gadonta. Zuciyata ta karye, Hajiya. Shi ke nan mun rasa ta?

Mai nadama, Gusau

'Yata, na yarda ba ƙiyayya ce ta rufe miki baki ba. Amma Comfort ba ta ganin zuciyarki. Abin da ta gani shi ne mutum biyar da take ci da su, ba wadda ta ambaci mahaifinta. Tana da gaskiya idan ta ji ciwo.

Daina jiran tambaya. Sannu da haƙuri, Allah ya ba ku dangana, ba gidan makokin da ba ya karɓar wannan. Ki same ta ke kaɗai yau, ki gaya mata gaskiya kamar yadda kika gaya mini, ki nemi gafara. Ki tambaye ta wane irin mutum ne mahaifinta, ki zauna ki saurara. Sauran su biyo baya.

Kada ki roƙe ta ta janye takardar. Ko ta tashi, ranar Asabar ku zuba nata, ki kai mata da hannunki.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya daidaita tsakaninku.