Kwabo Biyu a Kan Allura

Lahadi, 2 ga Yuni, 2019

Abokina Anayo ya sake turo tambayarsa ta shekara-shekara a waya: me kowa yake saurare yanzu, kuma waɗanne fayafayan kiɗan rok biyar ne ya fi so. Tsofai-tsofai da mu, kowa na rawar jiki yana jero nasa. Biyar ɗina ba su canja ba tun ina saurayi a ma'aikatar jirgin ƙasa nan Inugu, kuma wanda muke kira Mai Jan Kwali ne a sama. Abin da nake ji yanzu kuwa, ƙarya na rubuta. Ba na jin komai sai rediyon maƙwabta.

Mu uku ne a baranda bayan coci, ni da Anayo da Udoka. Aka fasa goro, aka zuba bammi, aka sa faifai. Doka tana nan: in allura ta sauka, ba mai magana sai gefen ya ƙare. Kujerar aminina Ozo, wato Ozoemena, kuwa, 'yata Ukamaka ta ɗora mata kwandon wanki.

Talata, 4 ga Yuni

Shekara biyu ke nan. Ozo ya ari Mai Jan Kwali kwana uku, faifan da muka je har Onica tare muka sayo a shekarar saba'in da biyar. Da ya dawo da shi na ɗora a garmaho, a waƙa ta uku ta gefe na biyu, daidai inda jita ke kuka ita kaɗai, allura ta yi tsalle. Na ce masa a gaban kowa, hannun da ya saba da facin taya ba na riƙe faifai ba ne. Ya ce, "Obiajulu, ni kake gaya wa haka?" Ya ɗauki hularsa. Ko ƙofa ban raka shi ba.

Ni ke da gaskiya. Ban san me ya sa nake ta rubuta wannan ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Anayo ya tsaya bayan Udoka ya tafi. "Ka ji labarin mutuminka? Kunnen hagu ya tafi, likita ya ce na daman ma yana hanya." Na ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce, "Iyakarta ke nan? Kai wannan kan naka ko guduma ba ta fasa shi."

Na kasa cin abinci. Mutumin da shi ya koya mini rufe ido in ana kiɗa.

Alhamis, 13 ga Yuni

Faifai na biyu ya fara tsalle, wanda ba wanda ya taɓa shi sai ni. Na ɗauki garmahon a keke na kai wa Ekenna mai gyara a kasuwar Ogbete. Yana ɗaga murfi ya ga kwabo biyun da na manne a kan hannun allura, ya kwashe da dariya.

"Baba, kiɗa kake ji ko huɗa kake yi? Wannan nauyi ai ko dutse ne sai ya ci shi."

Na ce a zamaninmu kowa haka yake yi in hannun ya yi sako-sako. Ya ce shi ya sa fayafayan zamaninmu duk suka mutu. Na koma na ɗauko Mai Jan Kwali don in ƙaryata shi. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Babu karce ko ɗaya a gicciye, irin wanda hannu ke yi. Daga cikin tsagin abin ya cinye.

Kwabo na biyu, na tuna sarai, wata guda kafin aron na ƙara shi.

Juma'a, 14 ga Yuni

Laifi tudu ne. Shekara biyu ina tsaye a kan nawa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na ce wa su Anayo yau babu zama. Na naɗe garmaho da sifika a leda saboda ruwa, na tafi gidan Ozo. Matarsa Nwakaego ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa. "A'a, Dede," in ji ta, yadda muke kiran babba, "ɓatan hanya ka yi?" Na cancanci fiye da haka.

Ya rame. Ya ba ni goro kamar jiya muka rabu, abin da ya fi zagi ciwo. Na tanadi magana tun daga gida, amma da na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayar inda soket yake. Na sa gefe na biyu, na juya sifikar wajen kunnensa na dama, na ƙure murya har kofuna na rawa a tebur.

Ya rufe ido, yana buga gwiwa da yatsu. Waƙa ta uku ta zo, jita ta fara kuka, allura ta yi tsallenta. Ni na zabura. Shi ko gezau, yatsunsa suka ci gaba da bin wurin da allura ta tsallake, daidai da daidai, yadda yake a saba'in da biyar. Ashe ba sifikar yake bi ba.

Da gefen ya ƙare ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Ka gyara shi ke nan! Ko tsalle ɗaya babu."

Na ce, "Ozo, ba kai ka lalata shi ba. Ni ne. Ka yafe mini."

"Me ka ce?"

Na maimaita. Na sake maimaitawa har mai sayar da masara a bakin titi ta juyo. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa maganar da ba a ji ba. Nwakaego ta tashi ta shige ciki.

Da zan tafi ta ce, da watan jiya na zo, da ya ji ni.

Laraba, 26 ga Yuni

Na amsa wa Anayo tambayarsa a karo na biyu: abin da nake ji yanzu, duk abin da Ozo ya nuna da yatsa. Garmahon yana can gidansa, don ɗawainiyar ɗauka ta yi mini yawa, ba don wani abu ba. Shi ke ciro fayafayan daga kwali da hannunsa.

Na rubuta maganar a takarda tun ranar Litinin, na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce, "Da bakinka na so in ji." Daga nan ya nuna mini faifan da zan sa.

Ukamaka ta tambayi inda nake zuwa kullum da hantsi. Na ce likita ne ya ce in riƙa motsa ƙafa.