Likkafanin Wasa

Asabar da dare, Parakou

Yau muka yi wasan kwaikwayonmu a jami'a. Inna ta taso tun daga Djougou don ta kalle ni, karonta na farko. Ni kuwa sakarai, ban gaya mata gawa zan fito ba.

Wasan da Faransanci ne, ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Kawai gani ta yi an naɗe ɗanta a farin ƙyalle, samari sun saɓa a kafaɗa, yadda aka ɗauki Baba bara. Ina kwance na jiyo muryarta: "Innalillahi!" 'Yan kallo suka kwashe da dariya. Ban motsa ba, tunda gawa nake.

Da aka tashi na same ta bakin ƙofa tana jiran zem, wato ɗan acaɓa. Na ce, "Inna, wasa ne fa." Ta ce, "Habibu, da likkafani ake wasa?" Ta ƙi kwana, ta koma Djougou.

Abokai suna unguwar Kpébié suna shagali, wai na iya mutuwa. Ni ina ɗaki ni kaɗai. Na kira wayarta, ƙanwata ta ɗauka, ta ce Inna na kan sallaya tana roƙa mini tsawon rai.