Wuƙar da Aka Wasa ta Gefen Bahago

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyar yara ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma yi mini faɗa a kan garin katakon da nake shigo mata da shi ɗaki a jikin riga, wanda a wurina shi ne shaidar samun lafiyarta.

Dalilin wannan wasiƙa wani al'amari ne da ya tsaya mini a rai, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ba sai kai, tunda a gaban mahaifi ɗaya muka koyi riƙon gizago. Ka san ɗana Auta ya daɗe yana ɗaukar hoton aikina da waya yana sa wa mutane su gani. Da farko akwatunan ado da ƙyamaren da na gama kaɗai yake nunawa. Daga baya masu kallo suka yi yawa, suka ce suna so su ga kayan aikin da kansu. Na yi ta ja da baya, shi kuwa yana cewa yanzu duk masu fasaha haka suke yi, ba a ɓoye wa masoya komai. A ƙarshe na buɗe masa akwatin kayan aiki, na jera su a kan teburin shago, gizago da magagari da dutsen washi da wuƙaƙen zane guda bakwai, ina ɗaga kowanne ina faɗin amfaninsa.

Ga inda kuskuren ya shigo. Ka tuna ƙaramar wuƙar da ake fitar da siraran layukan ganye da ita, wadda ake wasawa ta gefe ɗaya kawai. Na ɗaga ta a gaban wayar ba tare da tunanin komai ba. Kwana biyu bayan haka wani mai kallo, wanda ya ce shi ma masassaƙi ne a wata ƙasa, ya rubuto cikin ladabi yana tambaya ko Malam bahago ne, domin kaifin wuƙar nan na bahago ne, alhali ya ga da hannun dama nake riƙe kaya. Auta ya karanta mini yana dariya, wai mutane ba su da aikin yi.

Ƙanena, abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, shekara uku ke nan hannuna na dama yana rawa. Sassaƙar farko da fitar da siffa har yanzu ina iyawa, amma da na zo kan aiki mai laushi sai wuƙa ta yi ta karkarwa. Babbar 'yarka ta gidan nan, wato 'yata ta fari, wadda ka san bahaguwa ce tun tana ƙarama, ita ce take ƙarasa mini kowane zane a ɗakin baya. Ita ta wasa wuƙar daidai da hannunta. Duk furannin da ake yabawa ana cewa hannun dattijo bai tsufa ba, hannunta ne. Ban ce ta yi shiru ba, amma ban ce ta yi magana ba, kuma na san wannan ma laifi ne.

Yanzu Auta, wanda bai san komai ba, ya riga ya yi wa jama'a alkawari cewa ranar Asabar ta makon sama za su kalle ni kai tsaye ina zana ganye daga farko har ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gwada sau huɗu ni kaɗai bayan na rufe ƙofar shago, na ɓata allo huɗu.

Na kira yarinyar na ce na yanke shawara ita za ta zauna a kujerata ranar, ni kuma in tsaya in gaya wa mutane gaskiya da bakina. Ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta iya ba, ba da ita za a kwance wa Baba zani a kasuwa ba. Ta ce in ce ba ni da lafiya, a ɗaga ranar. Mahaifiyarta ta goyi bayanta, tana tsoron abin da abokan sana'a za su ce. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina tsoro. Shekara arba'in da biyar ana kirana gwani a layin nan, ban san da wane ido za a dube ni ranar Lahadi ba. Amma in na ɗaga ranar da ƙarya, wata ƙaryar zan nema a wata mai zuwa, kuma yarinyar nan za ta tsufa a ɗakin baya tana yi wa sunan wani ado.

Saboda haka nake roƙonka ka kira ta da zarar takardar nan ta iso. Tun tana yarinya maganar Baffanta take ji fiye da tawa. Ka gaya mata ba tozarta ni za ta yi ba, sauke mini kaya za ta yi. In kuma ta ƙi duk da haka, to zan zauna a gaban wayar in ɗauki wuƙa, su ga rawar hannun da idonsu, sannan in faɗi sunanta ko tana wurin ko ba ta nan.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da babban ɗanka likita, da 'yan biyu da angwayensu na kwanan nan, da takwarana ƙarami. Mahaifiyar yara da Auta suna gaishe ku. Ka sa ni cikin addu'a, Allah Ya ba ni ƙarfin harshe ranar Asabar.

Wassalam,
Yayanka masassaƙi.